Littafin bashin 'yan sari a Kantin Kwari: mu koma girgije da rumbun giraf, ko mu gyara abin da ke hannu?

Mai lissafin Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana masu wannan sana'a. Ina neman shawararku a kan wani aiki da aka ɗora mini, wanda nake ganin ya fi ƙarfin sanina. Shekara huɗu ke nan ina riƙe wa ubangidana lissafi a Kantin Kwari, inda muke sayar da atamfa da shadda da leshi a kan sari. Muna da shago biyu a cikin kasuwa da sito ɗaya a waje, kuma mafi yawan cinikinmu da 'yan sari ne masu zuwa daga garuruwa, wasunsu ma daga Nijar da Chadi da Kamaru, waɗanda suke ɗaukar kaya su ba da wani abu, ragowar kuma sai sun sayar sun dawo.

Tun kafin zuwana aka haɗa mana manhajar lissafi da take zaune a kan MySQL 5.7, wato rumbun bayanai mai ajiye komai a tebur-tebur, a cikin kwamfutar tebur guda ɗaya da ke babban shago. Shago na biyu da sito ba su haɗe da ita, saboda haka yaran da ke can suna rubuta abin da ya fita a Excel, da yamma su turo mini ta WhatsApp, ni kuma in shigar da hannu. Kwafin ajiya kuwa ina sa shi a filashi ranar Alhamis, kuma ba kowane mako nake samun yi ba.

Abu biyu ne suka tayar mana da hankali. Na farko, wata biyu da suka wuce wuta ta ɗauke ana cikin shigar da kuɗi, da aka kunna sai teburin biyan kuɗi ya ƙi buɗewa, bayan an gyara kuma muka tarar wasu layuka sun ɓace, sai da muka koma kan kwafin rasit muka sake shigar da su. Na biyu shi ne batun lamuni. A wurinmu ba a ba baƙo kaya bashi sai wani da muka sani ya tsaya masa. To, wani tsohon abokin cinikinmu ya samu karayar arziki, da muka bincika sai muka ga ya tsaya wa mutum biyar, biyu daga cikinsu su ma sun tsaya wa wasu, har ma ɗaya daga can ƙarshen layin shi ne ya tsaya wa na farkon a wani bashi na daban. Mako guda muka yi muna bin littattafai kafin mu gane iyakar abin. Tun daga ranar ubangidana Alhaji yake so a duk lokacin da ya ambaci sunan mutum, in iya gaya masa nawa ne kuɗinmu da ke rataye da shi, kai tsaye ko ta hanyar waɗanda ya tsaya wa.

Wani abokina ya ce mini wannan aikin rumbun bayanai na giraf ne, wato mai bin alaƙar da ke tsakanin mutane, in kwashe komai in mayar irin wannan rumbun mai suna Neo4j, in ɗora a girgije, wato kwamfutar haya ta intanet, yadda shagunan uku za su riƙa aiki tare. Shin hakan shi ne daidai? Idan kuma ba shi ba ne, ta ina ya kamata in fara? Abokan cinikin da ke cikin rumbun ba su kai 3,000 ba. Allah ya saka da alheri.

Tsohon hannu, Gwammaja, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta bayaninka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ba giraf ba ne, ba kuma girgije ba ne, filashin nan ne na ranar Alhamis. Dukiyar mutane ce a cikin wannan kwamfuta, kuma bashi abu ne da ake gadonsa, ana kuma zuwa gaban alƙali a kansa, don haka kafin a yi maganar ƙaura sai an tabbatar abin da ke hannu ba zai salwanta ba.

Ka fara da umarnin SHOW TABLE STATUS, ka duba injin da kowane tebur yake kai. Alamar da ka bayar ta yi kama da ta MyISAM, wato tsohon injin da ba ya haɗa aiki dunƙule, ba ya kuma iya farfaɗo da kansa idan wuta ta yanke yana cikin rubutu. InnoDB, wanda MySQL ta mayar na asali tun fitowar 5.5 a 2010, yana fara rubuta kowane canji a kundin sawu kafin ya taɓa teburin, shi ya sa idan aka kunna bayan ɗaukewar wuta yake kammala abin da aka riga aka tabbatar, ya warware abin da aka bari a rabi. Ka mayar da teburan duka InnoDB, amma ka fara gwadawa a kan kwafi, kuma ka tabbatar innodb_flush_log_at_trx_commit da sync_binlog duk suna kan 1. Sannan a sa wa kwamfutar inbata ko ƙaramin batirin da zai riƙe ta har a kashe ta cikin natsuwa. Ka kuma sani cewa tallafin MySQL 5.7 ya ƙare tun Oktoba 2023, ma'ana ba a sake toshe masa ramukan tsaro, kuma hanyar ɗaukakawa ita ce a bi ta 8.0 sannan a wuce 8.4, wadda ta fito a Afrilu 2024 a matsayin mai dogon tallafi.

Game da kwafin ajiya, kada ya dogara da tunawar mutum. A saita mysqldump, umarnin fitar da kwafin rumbun, da zaɓin --single-transaction ya riƙa gudana da kansa kowane dare, a kuma kunna binlog, kundin da ke rubuta duk canjin da aka yi a rumbun, domin shi ne zai ba ka damar maido da rumbun zuwa daidai mintin ƙarshe kafin ɓarna, ba zuwa daren jiya kawai ba. Ka'idar da muka saba bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. Wannan na ƙarshen ba ƙawa ba ne ga wanda yake kasuwa a Kano. Duk mun ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, mun kuma ga yadda ruwa ya shiga shagunan Kwari a daminar 2022, kuma filashin da ke cikin durowar teburin da kwamfutar take kai tare za su tafi. Abu mafi muhimmanci, wanda mafi yawan mutane suke tsallakewa, shi ne sau ɗaya a wata ka ɗauki kwafin ka maido da shi a wata kwamfuta daban, ka ƙirga layukan, ka haɗa jimillar bashi ka gwada da ta asali. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma na taɓa ganin ma'aikatar da ta shekara tana ajiye kwafi, ranar buƙata aka tarar fayilolin babu komai a ciki saboda an canza kalmar sirri ba a gyara umarnin ba.

Yanzu sai tsarin teburan kansu, wanda nake zaton a nan ne aikinka na gaske yake. Ka duba nau'in gurbin da ake ajiye kuɗi. Idan FLOAT ne, to akwai matsala, domin wannan nau'in yana riƙe cikakkiyar lamba daidai ne kawai har zuwa 16,777,216, daga nan sai ya fara kusanto, kuma ka san bashin ɗan sari ɗaya a Kwari yakan wuce haka. DECIMAL ake amfani da shi, ko kuma a ajiye kuɗin a kwabo cikin BIGINT. Tunda kuna karɓar sefa, kowane biya ya zo da nau'in kuɗinsa da farashin canjin ranar, kuma a bambanta sefar Nijar da ta Chadi da Kamaru, domin kuɗi biyu ne daban ko da yake darajarsu ɗaya ce a kan yuro. Kada kuma a ajiye balas, wato ragowar bashin mutum, a gurbi guda ana gogewa ana sake rubutawa. Kowane ɗaukar kaya layi ne, kowane biya layi ne, idan an yi kuskure a ƙara layin da zai warware shi tare da sunan wanda ya yi da lokacin da ya yi, balas kuma a samo shi ta hanyar tarawa. Haka iyayenmu suke riƙe littafin bashi, ba sa yage shafi.

Sunaye ma sai ka yi musu aiki. Muhammadu da Muhammad da Mohammed da Mamman suna iya zama mutum ɗaya, Sani uku kuma suna iya zama mutum uku. Kowane abokin ciniki ya samu lambarsa da ba ta canzawa, sauran teburan su riƙa nuni da wannan lambar, rumbun kuma ya ƙi karɓar bashin da ba shi da mai shi. Lambar waya a ajiye ta a matsayin rubutu tare da lambar ƙasa, 234 ko 227 ko 235 ko 237, a teburinta daban tunda mutane suna canza layi. Idan aka ajiye ta a matsayin lissafi sifirin farko zai faɗi, kamar yadda Excel take yi. Kuma 5.7 tana zuwa ne da tsarin haruffa na latin1, wanda ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai a mayar da komai utf8mb4, a ƙara gurbi na biyu da aka cire wa ƙugiya don bincike, yadda mai neman Danladi zai samu Ɗanladi. Idan mutum ɗaya ya rabu gida uku a cikin rumbunka, babu giraf ɗin da zai nuna maka gaskiyar lamuninsa.

Malama daga Kabuga ta amsa:

Ina goyon bayan duk abin da Baba na Gwammaja ya faɗa, zan tsaya ne a kan batun giraf, domin abokin naka bai yi kuskure wajen gane siffar matsalar ba, a wajen magani ne ya yi nisa.

Giraf a nan ba zanen ginshiƙai ba ne irin na rahoto. Ƙulli ne da zare: kowane mutum ƙulli, kowace alaƙa tsakanin mutum biyu zare ce mai alkibla, wane ya tsaya wa wane. Rumbunan tebur, waɗanda suka samo asali daga maƙalar E. F. Codd ta 1970, suna haɗa layi da layi ne a lokacin da aka yi tambaya, ta hanyar duba fihirisa. Rumbun giraf irin Neo4j kuwa yana ajiye zaren a jikin ƙullin, saboda haka tsallakawa daga mutum zuwa maƙwabcinsa ba ta yin nauyi ko da rumbun ya girma. Wannan fa'ida ce ta gaske, kuma da irinta ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta ICIJ ta bi sawun kamfanoni da masu su a cikin takardun Panama a 2016, takardu miliyan 11.5. Fannin ya kuma zauna da gindinsa, tunda a Afrilu 2024 hukumar ISO ta fitar da GQL a matsayin harshen tambaya na bai ɗaya ga irin waɗannan rumbuna, kuma ya ɗauki abubuwa da yawa daga Cypher, harshen tambaya na Neo4j.

Amma kai mutum ƙasa da 3,000 gare ka, da alaƙa iri ɗaya. Abin da kake buƙata tebur ne guda mai suna lamuni, da ke ɗauke da lambar mai tsayawa, da lambar wanda aka tsaya wa, da bashin da aka tsaya a kai, da iyakar kuɗin, da ranar farawa da ranar da aka sauke nauyin, da shaidar da ta halarta. Wannan teburin shi kansa giraf ne. Ka sa fihirisa a kan lambobin biyu, domin wani lokaci za ka tambayi wa ya tsaya wa, wani lokaci kuma wa ya tsaya masa. Daga MySQL 8.0, wadda ta fito a 2018, akwai WITH RECURSIVE, wato tambaya mai maimaita kanta: ta fara da mutumin da Alhaji ya ambata, ta ɗauko waɗanda ya tsaya wa, ta sake ɗauko waɗanda su suka tsaya wa, har layin ya ƙare. PostgreSQL tana da wannan tun 2009, SQLite ma tana da shi. A girman rumbunka, kafin Alhaji ya gyara zama amsar ta fito.

Akwai ramuka biyu da za ka kiyaye. Na farko shi ne zagayen da ka ambata, inda na ƙarshe ya dawo ya tsaya wa na farko. Idan ka haɗa matakan da UNION ALL, tambayar za ta yi ta zagaye har MySQL ta tsayar da ita a mataki na 1,000 da saƙon kuskure. Idan ka yi amfani da UNION kawai, kuma lambar mutum kaɗai kake ɗaukowa, wanda aka riga aka gani ba zai sake shiga ba. Idan kuwa kana so ka ga zurfi ko hanyar da aka bi, sai ka riƙa ɗauke da jerin waɗanda aka wuce kana hana komawa kansu. Ina ma ba ka shawara ka rubuta tambaya ta musamman da za ta riƙa zaƙulo irin wannan zagaye, domin mutum biyu da suka tsaya wa juna a haƙiƙa babu wanda ya tsaya musu. Rami na biyu shi ne ƙirga bashi sau biyu, idan ana iya isa ga mutum ɗaya ta hanya biyu. Ka fara fitar da mutanen ba tare da maimaici ba, sannan ka tara bashinsu.

Sai wani abu da ba na kwamfuta ba ne, amma shi ne zai sa lissafin ya zama gaskiya ko ya zama zalunci. Idan Audu ya tsaya wa Bala, Bala kuma ya tsaya wa wani na uku, ba lallai ba ne bashin na ukun ya hau wuyan Audu. Wannan ya danganta da abin da aka yi yarjejeniya a kai, kuma Alhaji ne da malaman da yake tambaya za su fayyace. Don haka rahoton ya fito da lamba biyu a rarrabe: abin da mutum ya ɗauka wa kansa da bakinsa, da kuma abin da ke cikin haɗari idan ya faɗi. Idan ka haɗe su wuri guda, wata rana za a nemi mutum da kuɗin da bai taɓa lamunta ba.

Ranar da za ka ji buƙatar rumbun giraf ita ce ranar da tambayoyin suka yawaita iri: su wa suke turo kuɗi daga asusu ɗaya da sunaye daban, su wa dillali ɗaya ya kawo kuma suka makara tare, wace tasha da wane direba suka haɗa su. Ko a lokacin ma, littafin kuɗi ya zauna a inda yake, a riƙa fitar da kwafi da daddare zuwa Neo4j don bincike kawai, domin gaskiya guda biyu a wuri biyu sai sun saɓa. Ka kuma lura cewa nau'inta na kyauta ba ya ɗaukar kwafin ajiya yana cikin aiki, sai an tsayar da shi. Idan kana son koyo, ka sa ta a kwamfutarka ta hannu da lambobi a madadin sunaye, ina ƙarfafa maka gwiwa a kan haka.

Mai lissafin Kwari ya sake rubutawa:

Baba da Malama, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Batun rarrabe lambobin biyu bai taɓa zo mini a rai ba, kuma zan kai wa Alhaji shi kafin in rubuta komai. Abin da ya rage mini shi ne shago na biyu da sito. Ko da na gyara rumbun, muddin da yamma ake turo mini lissafinsu, mutum zai iya ɗaukar kaya a shago ɗaya da safe, ya je ɗayan da rana ya sake ɗauka, alhali ya riga ya cika iyakar da aka tsaya masa. Shin a nan girgije ba shi ne mafita ba?

Injiniya, Zoo Road, ya amsa:

Ɗan'uwa, a wannan gaɓar ina ganin girgije yana da gurbi, kuma zan ɗan saɓa wa Baba cikin ladabi, domin kwamfutar tebur a cikin kasuwa, ga zafi ga ƙura ga mutane suna shiga suna fita, ba wurin zaman littafin bashi ba ne na dindindin. Girgije ba wani abu ba ne illa saba, wato kwamfutar da sauran na'urori ke haɗuwa da ita, ta haya a ginin wasu, kuma idan ka ɗauki nau'in da suke kula da rumbun da kansu, kamar Amazon RDS ko Cloud SQL na Google ko na Azure, su ne za su riƙa yin kwafin ajiya da sabunta manhaja. RDS, alal misali, yana iya riƙe kwafi har kwana 35, ya kuma maido da rumbun zuwa lokacin da ka zaɓa a cikin waɗannan kwanaki. Ga mutum ɗaya da yake haɗa lissafi da kula da kwamfuta, wannan sauƙi ne babba.

Sai dai akwai abubuwa da ya kamata ka auna kafin ka shiga. Na farko nisa. Manyan cibiyoyin waɗannan kamfanoni a ƙasashenmu na kudu da Sahara suna Afirka ta Kudu ne: Microsoft ta buɗe a 2019, Amazon ta buɗe ta Kef Tawun a 2020, Google ta buɗe ta Johannasbag a 2024, wasu abokan cinikinsu kuma sun fi zaɓar cibiyoyin Turai. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, Kano zuwa Kef Tawun kuma ya haura kilomita 5,000 a miƙe, balle saƙon sai ya gangara Legas ya bi ta ƙarƙashin teku. Idan kowace tambaya tana cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma shafin rasit ɗaya yana aika tambaya arba'in ɗaya bayan ɗaya, daƙiƙa huɗu ke nan abokin ciniki yana tsaye. Saboda haka kada ka bar manhajar a shago ka kai rumbun waje. Su zauna tare a wuri ɗaya, shagunan su riƙa buɗe ta ta burauza. Na biyu kuɗi, domin da dala ake sa farashi, kuma mun ga yadda dala ta tashi daga wajen Naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da Naira 1,500 a farkon 2024. Akwai masu ba da hayar saba a cikin Najeriya da suke karɓar Naira, ya kamata ka gwada farashi, ka kuma kunna gargaɗin kashe kuɗi tun ranar farko.

Na uku, kuma shi ne ya fi shafar tambayarka, sabis yana yankewa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu sun lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta na kwanaki. Ciniki ba zai tsaya don haka ba, sai a tsara yadda kowane shago zai iya rubutawa a ƙaramin rumbun SQLite na wurinsa, ya tura idan sabis ya dawo. A nan ne shawarar Baba ta ƙara layi maimakon gogewa take biya, domin layukan da ba a canzawa ba sa karo da juna. Kowane layi ya samu lambar UUID, wato lambar shaida da babu wani layi mai irinta, tun a shagon, yadda ko an turo shi sau biyu sau ɗaya zai shiga. Kaya kuma a raba su a rumbun bisa wurin da suke, kada shago biyu su sayar da dila ɗaya. Amma iyakar bashi ba ta rabuwa haka, shi ya sa nake ganin ku kafa doka: idan babu sabis, cinikin kuɗi hannu ya ci gaba, karɓar biya ma ya ci gaba, sabon bashi kuwa sai an kira babban shago an samu izini.

Kada ka buɗe ƙofar rumbun, wato mai lamba 3306, ga duniya baki ɗaya, domin akwai na'urori da ba su da aiki sai laluben irinta. Kowane yaro ya shiga da asusunsa, mai iya ƙara layi amma ba ya iya gogewa, kuma babban asusun girgijen ya kasance da sunan kasuwancin, da tabbaci mataki biyu, Alhaji yana riƙe da hanyar shiga, ba da imel ɗinka kai kaɗai ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ku tunda kuna riƙe sunaye da lambobin waya da bashin mutane. Ta sa sharuɗɗa a kan fitar da bayanai zuwa wata ƙasa, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 idan an samu kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Kada ku karɓi lambar NIN ko BVN ta kowa matuƙar ba ku da buƙatarta ta zahiri.

Tsohon hannu, Gwammaja, ya ƙara da cewa:

Injiniya, ban ƙi maganarka ba, tsarin lokaci ne kawai nake jaddadawa, domin wanda ya kwashi FLOAT da sunaye masu maimaici ya kai girgije, matsalarsa ce ya mayar mai tsada. Zan ƙara abu ɗaya a kan kwafin da masu ba da haya suke yi. Yana zaune ne a cikin asusun da rumbun yake, saboda haka idan katin biya ya ƙi aiki aka rufe asusun, ko wani ya sace shi, duka biyun ne suka tafi. Haka kuma saba ta biyu mai bin sawun ta farko ba kwafin ajiya ba ce, tunda idan aka goge tebur bisa kuskure, nan take ita ma za ta goge nata. Ko kun koma girgije, kwafi ɗaya a kulle da kalmar sirri ya riƙa saukowa Kano kowane mako, a ajiye shi a gidan Alhaji.

Mai lissafin Kwari ya rufe da cewa:

Na duba jiya da daddare bayan an rufe kasuwa. Tara daga cikin teburanmu goma sha huɗu MyISAM ne, har da na biyan kuɗi, gurbin balas kuma FLOAT ne kamar yadda Baba ya yi zato. Na gwada mayar da shi DECIMAL a kan kwafi, sai na ga lambobin da suka riga suka karkace ba su dawo daidai ba, don haka manyan basussukan sai na sake tara su daga rasit, kuma na riga na ware mutum goma sha bakwai da bashinsu ya haura Naira miliyan 16 don in fara da su. Na maido da kwafin filashin a kwamfutata ta hannu, ya buɗe, sai dai na mako uku da suka wuce ne, shi ya sa tun a daren na saita mysqldump ya riƙa gudana da ƙarfe tara. Alhaji ya amince da dokar kiran babban shago kafin ba da sabon bashi, an fara aiki da ita yau, ya kuma ce ranar Juma'a zai tambayi malaminsa hukuncin lamunin da ya bi ta hannun mutum biyu. Malama, idan na rubuta tambayar WITH RECURSIVE zan kawo ta nan ki duba mini wajen hana zagayen, in sha Allahu.